Katin asibitin iyalina a Legas: abin da ya biya da abin da ya ƙi biya

Wata goma sha shida ke nan da na yanki katin inshorar lafiya na iyali a hannun wani kamfanin HMO a nan Legas, wato irin kamfanin da ake biya tun kafin ciwo ya zo, shi kuma ya riƙa biya wa mutum kuɗin asibiti. Tun daga lokacin abokan sana'ata a kasuwar Mile 12 ba su bar ni na huta da tambaya ba: nawa ka biya, da gaske ana duba mutum ba ko sisi, anya ba yaudara ba ce? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa ɗan'uwansa. Sunan kamfanin da na asibitin zan bar su a cikina. Ina da yabo a kansu, ina da ƙorafi, kuma waɗanda suka yanki irin katin a wasu wuraren sun ce da ni halin kusan ɗaya ne.

Ni dillalin kayan gwari ne, tumatir da tattasai da attaruhu. Mutumin Kura ne ni, daga Kwanar Gafan ake yi mini lodi idan kayan rani suka fito, kuma bana shekarata goma sha tara a Ikko. A Ketu nake zaune da uwargida da yara huɗu, sai Inna da na ɗauko daga gida bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya kai ni ga katin nan dare ɗaya ne a watan Fabrairun 2023, lokacin da aka canza takardun naira kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Autanmu, yana ɗan shekara uku, ya wuni da zazzaɓi. Wajen ƙarfe biyun dare sai ya fara jijjiga, idanunsa suka kafe. Na saɓa shi a kafaɗa, uwarsa na biye da ni ko takalmi babu, muka buga wa maƙwabcinmu mai Keke Marwa ƙofa ya kai mu wani asibitin kuɗi da ke kusa. Nas ta karɓe shi ta yi masa allurar da ta tsayar da jijjigar, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba. Amma gado da ƙarin ruwa sai an ajiye naira dubu hamsin. Kuɗin suna banki, har da ninkinsu, domin ranar na sayar da kaya. Na tura ta waya sau uku, sau uku suna maƙalewa. Mai POS babu a wannan tsakar daren. Na tsaya a bakin kanta ina nuna wa mai karɓar kuɗi fuskar wayata, ga adadi nan yana gani, yana girgiza mini kai. Yaro na kwance a benci, uwarsa na jiƙa ɗankwalinta tana goga masa a goshi. Sai bayan asuba wani ɗan'uwa mahauci ya iso da tsabar kuɗi a leda, sannan aka ba mu gado.

Muna wannan zaman ne wata mata ta shigo da ɗanta. Ta miƙa wani ɗan kati, aka danna kwamfuta, aka wuce da su ciki. Na tambayi nas ɗin da buroka, wace ce wannan da ba a ce ta ajiye komai ba? Ta ce mai HMO ce. Ranar na fara jin kalmar.

Duk da haka sai da na yi kusan shekara ina juya maganar, kuma majalisarmu ce ta riƙe ni. Bayan la'asar, idan kasuwa ta lafa, muna zama a rumfar mai shayi bayan layin 'yan albasa. Da na kawo zancen, dattijon da muke kira Baba, wanda ya riga mu duka zuwa kasuwar, ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, inshora caca ce. Ka ba da kuɗi ba ka san ko za ka ci ba. In ba ka yi ciwo ba sun cinye, in ka yi ciwo ka ci na wani. Kuma mutum ya riƙa biyan kuɗin cutar da ba ta zo ba, ai kira yake yi mata." Wani ya ce shi damuwarsa ba nan take ba, lafiya haƙƙin talaka ne a kan gwamnati, don me za a maida mu hannun 'yan kasuwa? Na uku ya ce duk abin da aka ce ka biya yau ka amfana gobe a ƙasar nan, to ka yi bankwana da kuɗinka. Ba wanda na raina maganarsa a cikinsu, domin kowanne yana da abin da ya gani.

Na je wurin limamin masallacinmu. Ya ce malamai da yawa sun hana inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin, amma sun halatta tsarin taimakon juna, wanda ake kira takaful, inda jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar agaza wa duk wanda lalura ta faɗa wa. Ya ce in na samu irin wannan shi ya fi, in kuma ban samu ba, akwai malaman da suka yi sauƙi a kan ta lafiya saboda buƙata. Ya ƙara da cewa ɗaure raƙumi ba ya kore tawakkali.

Wannan gardamar ta dawo mini da wata da na yi shekaru ina bi a rediyo. Tun ina yaro kunnena na jikin akwati, BBC da Muryar Amurka da Jamus, kuma a 2009 da 2010 da wuya mako ya wuce ba a kawo rigimar dokar lafiya ta Barack Obama ba. Ya sa mata hannu ranar 23 ga Maris 2010. A majalisar wakilai da ƙuri'a 219 ta wuce, 212 suka ƙi, kuma ko ɗan jam'iyyar Republican ɗaya bai mara mata baya ba. Sunanta na takarda dogo ne, ma'anarsa kare marar lafiya da samar da jinya mai sauƙin kuɗi, amma ba haka duniya ta san ta ba. Abokan hamayya ne suka yayata mata suna Obamacare don su rataya masa ita a wuya, in ta nutse ta tafi da shi. Da yaƙin zaɓen 2012 ya zo, shi da kansa ya rungumi sunan ya ce ya yi masa.

Mu ma mun san yadda suna ke manne wa abu. Keken da ya kai ni asibiti a daren nan har gobe Keke Marwa ake ce masa, saboda Buba Marwa da ya mulki Legas daga 1996 zuwa 1999. A Kano kuma Adaidaita Sahu, sunan shirin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya ƙi hawa keke don ba ya son Marwa ba. A Amurka kuwa an samu waɗanda suka tsani dokar saboda sunan kawai. Ɗan yayata yana aikin jinya a can, muna yawan magana ta WhatsApp, shi ya ba ni labarin jihar Kentucky. Gwamnatin jihar ta buɗe nata shafin sayen inshora a ƙarƙashin dokar ta sa masa suna Kynect. Jama'a suka yi ta rajista suna yabawa, amma da yawansu in ka ce musu Obamacare sai su ɓata rai, alhali abu ɗaya ne. Ya ce mini ma tun 2006 gwamnan Massachusetts, Mitt Romney, ɗan Republican, ya sa hannu a doka mai kama da ita a jiharsa, kuma shi ne ya zo ya kara da Obama a 2012 yana alkawarin soke ta tarayya. Dokar ta sha da ƙyar sau da yawa. A 2012 alƙalai biyar na kotun ƙoli suka tsayar da ita, huɗu suka ƙi. A watan Yulin 2017 ƙuri'a 51 da 49 ce ta hana a rushe ta a majalisar dattawa, kuma John McCain, wanda Obama ya kayar a zaɓen 2008, yana cikin waɗanda suka ƙi rushewar.

Da na kawo wannan a majalisa, wani ƙanenmu da matarsa ke koyarwa a Kano ya ce ai mu ma haka aka yi mana. Da Kano ta yi dokarta a 2016, ba a kira abin inshora ba, taimakekeniyar lafiya aka ce. Baba ya gyaɗa kai ya ce to wannan ai daidai ne, taimakekeniya aikin lada ce. Na ce masa, "Baba, a can ma kuɗi ake yanka a albashin mutum duk wata, ko ya yi ciwo ko bai yi ba." Ya yi shiru, can ya ce niyya ce ta bambanta su. Na yarda akwai gaskiya a nan, domin asusun jama'a daban, kamfanin da ke neman riba daban. Amma na lura da ya ji kalmar farko kunnensa ya toshe, da ya ji ta biyu ya buɗe, tun kafin a yi masa bayanin komai.

Ni ma suna ya taɓa rufe mini ido. Jihar Legas tana da nata tsarin, Ilera Eko, wato lafiyar Legas da Yarabanci. An yi dokarsa a 2015, aka ƙaddamar da shirin a 2018 zamanin Gwamna Ambode. Na sha ganin allunansa a hanya, amma saboda sunan na ɗauka na 'yan jiha ne kaɗai, ban ko tsaya tambaya ba. Sai bayan na biya kamfani na ji cewa na duk mazaunin Legas ne.

To, ga yadda cinikin ya kasance. Wata yarinya wakiliyar kamfanin ce ta same ni a rumfa, ta hanyar wani kwastomana mai gidan abinci a Ikeja. Tsarin iyali, miji da mata da yara huɗu, naira 310,000 a shekara. Inna ba ta shiga ciki, sai da na yankar mata na tsofaffi daban a kan 180,000. Biya ɗaya ake yi, ba a karɓar kashi-kashi, kuma wannan shi ne ƙorafina na farko. Ɗan gwari kuɗinsa na yau ne, gobe tirela na iya kwana uku a hanya kaya su ruɓe. Fitar da kusan rabin miliyan a rana ɗaya sai da na taɓa jari. Aka ɗauki hotunanmu, aka ce mu zaɓi asibiti ɗaya daga jerin sunaye, shi ne zai zama namu na farko. Bayan kwana goma sha huɗu katin ya fara aiki.

A kan ƙananan cututtuka ba ni da abin cewa sai yabo. Zazzaɓin cizon sauro, taifot, gudawa, tarin yara, ciwon kunne, duk an duba mu ba a karɓi ko kwabo ba. Na ƙirga a littafina, a shekarar farko mun je sau goma sha ɗaya. Ranar farko ba zan manta da ita ba. Na kai 'yata ta biyu da zazzaɓi, na miƙa kati, hannuna na cikin aljihu a kan kuɗin da na zo da su don ban yarda ba. Aka ɗebi jini, likita ya duba, aka ba mu maganin maleriya da na zafin jiki a farar leda. Na tsaya a bakin kanta ina jiran a faɗi kuɗi, matar ta ce in sa hannu in tafi. Na fito da kuɗina yadda na shiga da su.

Babban canjin a gida na gan shi. Da, in yaro ya yi zafi, uwargida sai ta aika kemis a haɗo magani, a jira kwana biyu a ga ko zai sauka, domin ta san zuwa asibiti kuɗin cefanen mako ne. Yanzu tun da safe take ɗaukar kati ta tafi, ba sai ta kira ni a kasuwa ba. Ta ce da ni, "Malam, ni abin da katin nan ya cire mini shi ne tsayawa ina lissafi yaro na kuka." Tun da muka yanke shi ba wanda ya sake jijjiga a gidana, kuma na san zuwa da wuri na cikin dalili, bayan kiyayewar Allah.

Amma mai kati ya shirya wa jira. Asibitin na da teburi biyu, na masu biya nan take da na 'yan HMO, kuma na farkon ya fi sauri, wannan ido na gani. Ana ba mu maganin da ya fi araha, in likita ya rubuta mai tsada sai a ce babu shi a tsarinku. Na tambayi wata nas da muka saba dalilin haka. Ta ce kamfani na biyan asibiti wani ɗan ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai kati duk wata, ko ya zo ko bai zo ba, saboda haka duk abin da aka kashe a kanka daga cikin wannan ɗan kuɗin yake fita. Sauran manyan ayyuka kuma sai asibiti ya yi, ya aika takarda, ya jira wata da watanni kafin a biya shi. Da na ji haka na daina jin haushin ma'aikatan, amma jiran bai ragu ba.

Sai maganar kod, wadda duk mai niyyar yankar kati ya kamata ya sani tun kafin ya biya. Duk abin da ya wuce ƙaramin dubawa, kamar hoton ciki ko ganin babban likita ko tiyata, asibiti ba ya taɓawa sai kamfani ya turo wata lamba ta amincewa. Ita ce kod.

Babbar 'yata, mai shekara goma sha ɗaya, ta dawo daga islamiyya wata Asabar tana riƙe da cikinta ta gefen dama. Kafin la'asar ta fara amai. Ƙarfe huɗu muna asibiti. Likita ya danna wurin ta yi ƙara, ya ce yana zargin afendis ne, a yi hoto yanzu. Yarinyar da ke teburin HMO, wata Bayarabiya mai haƙuri, ta aika neman kod a gabana. Ƙarfe biyar shiru. Na kira lambar da ke bayan katin, na'ura ta yi ta yi mini Turanci tana cewa in danna ɗaya in danna biyu, sannan kiɗa. Da mutum ya ɗauka ya ce ana dubawa. Na yi magariba a barandar asibitin a kan kwali. 'Yata na kwance ta naɗe ƙafafu, leɓenta ya bushe, tana ce mini, "Baba, har yanzu?" Ƙarfe bakwai na ce wa yarinyar teburin nawa ne hoton in na biya da kaina? Ta ce 18,000, amma in na biya da wuya a maido mini. Na biya. Hoto ya tabbatar. Kod ɗin hoton bai iso ba sai tara saura, lokacin an riga an fara neman na tiyata. Wannan na biyun, gaskiya, cikin minti arba'in ya fito, bayan likitan da kansa ya ɗauki waya ya ɗaga musu murya. Sha ɗaya na dare aka shiga da ita.

An yi aiki lafiya, ta kwana huɗu. Kuɗin duka ya kama 420,000. Iyakar abin da tsarina ke biya a tiyata 250,000 ne a shekara, saboda haka na cika 170,000. Dubu goma sha takwas ɗin hoto na cike takarda sau biyu, har yau ba su dawo ba. In an tambaye ni, katin ya yi rana a wannan dare, domin ba wanda ya ce in ajiye kuɗi kafin a ba ta gado, kuma kwata miliyan ba wasa ba ce. Amma awa biyar da yarinya ta yi tana murƙususu ana jiran wani a ofis ya danna kwamfuta, wannan ban yafe ba tukuna. Kamfanin da ke karɓar kuɗin mutane ya kamata ya ajiye isassun ma'aikata ranar Asabar da dare, kuma a Legas da Hausawa suka cika Agege da Idi-Araba da Mile 12, bai fi ƙarfinsu su ajiye mutum ɗaya mai jin Hausa a kan waya ba. Uwargida ba ta jin Turanci. Da ina hanyar Kano a ranar, wa zai yi mata wannan kiran?

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na Inna. Tana da hawan jini da ciwon suga shekara da shekaru, kuma don ita na fi son katin. Na gaya wa wakiliyar haka baki da baki, ta ce ba matsala, Mama za ta samu kulawa. Wata na farko na kai ta karɓar magani, amlodipine da metformin da take sha kullum, aka ce ciwon da mutum ya shigo da shi ba a ɗaukar nauyinsa sai ya cika wata goma sha biyu a tsarin. Na koma gida na sa ɗana ya karanta mini takardar layi-layi. Yana nan a shafi na shida, da ƙananan haruffa. Haka haihuwa ma, akwai watannin jira kafin a ɗauki nauyinta, wanda matarsa ke da ciki ya lura da wannan. Shekara guda ina biyan kuɗin maganin Inna da gwajinta daga aljihu, ga 180,000 na riga na bayar. Inna ta ce, "Kai dai ka bar su da Allah." Na bar su, amma na kira wakiliyar na gaya mata cewa abin da ta yi ɓoye aibin kaya ne, kuma a kasuwarmu wanda ya jera manyan tumatir a sama ya ɓoye ruɓaɓɓu a gindin kwando, sau ɗaya ake saye a hannunsa.

Da na ba ɗan yayata labari ya ce, "Kawu, ai wannan shi ne zuciyar rigimar da aka yi a nan." Kafin dokar Obama, kamfani a Amurka na iya ƙin karɓar mutum ko ya tsawwala masa kuɗi saboda tsohon ciwo. Daga 2014 aka haramta haka. Ta kuma bar yaro ya zauna a katin iyayensa har ya kai shekara 26. Amma ya nuna mini ɗaya gefen da ban yi tunani ba. In an tilasta wa kamfani karɓar kowa, me zai hana mutum ya zauna sai ciwo ya kama shi sannan ya zo ya yi rajista? Nan take na gane, domin na san adashi. In kowa ɗaukar farko yake so, ya ɗauka ya daina zubi, adashi ya mutu. Shi ya sa dokar ta ce dole mai lafiya ma ya shiga ko ya biya tara, kuma wannan dolen ita ce 'yan hamayya suka fi ƙi, suna cewa gwamnati ba ta da hurumin tilasta wa mutum sayen abu. A 2017 suka yi dokar haraji da ta maida tarar sifiri daga 2019. Saboda haka watanni goma sha biyun da aka sa wa Inna, katanga ce kamfani ya gina don tsoron masu ɗaukar farko. Na fahimci dalilin. Abin da ban karɓa ba shi ne a ɓoye mini katangar sai na yi karo da ita.

Mu ma dolen ta iso. Tsohon shirin tarayya, NHIS, an yi dokarsa a 1999, Obasanjo ya ƙaddamar da shi a 2005, kuma ma'aikatan gwamnati ne suka fi cin moriyarsa. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa ƙarfi. A 2024 Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a umarnin wajabta ta a Legas. Har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya yake fita kai tsaye. A majalisarmu maganar dolen ta raba mu biyu. Ni ina goyon bayanta, saboda abin da na gani a kan Inna: sai kowa ya zuba za a iya rushe katangar. Amma ina tare da masu cewa dole ba tallafi zalunci ce. Dokar Amurka ta haɗa dolenta da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi da faɗaɗa shirin jinyar talakawa. Ɗan dakon da ke sauke mini kwando, wanda abin da ya samu yau shi zai ci yau ya aika gida, ba za a ce masa dole ba sai an nuna masa wanda zai cika masa.

Akwai wani suna kuma da nake roƙon 'yan'uwa su daina. A kasuwa yanzu katin kyauta suke ce masa, "Alhaji mai katin kyauta". Wannan sunan na cutarwa ta fuska biyu. Wanda ya ɗauka kyauta ce, ranar da aka ce ya cika 170,000 zai ce an cuce shi. Kuma wanda ya ɗauka kyauta ce, in an bar shi a benci awa biyar zai yi shiru yana ganin alfarma ake yi masa. Kuɗinka ne ka biya tun kafin ka zo, kana da bakin magana.

Na sabunta da shekara ta cika. Na iyali ya tashi zuwa 395,000, sun ce magani ya yi tsada, kuma wannan na san gaskiya ne don ina sayen na Inna. Ita ma na sabunta mata, yanzu wata huɗu ke nan ana ba ta maganinta da gwajin suga a kan kati, sai dai na wata ɗaya-ɗaya suke bayarwa, dole duk wata in ɗauke ta mu je mu yi layi, ga ƙafarta ba ta son zama. Wanda zai yanka, ya tafi da mai karatu, a karanta masa takardar gaba ɗaya kafin ya tura kuɗi. Ya tambayi iyakar kuɗin tiyata, da kwana nawa ake ɗaukar nauyin gado, da watannin jiran haihuwa da na tsohon ciwo, kuma a nuna masa a rubuce. Ya zaɓi asibitin da zai iya kaiwa da ƙafa ko da keke cikin dare. Ya kuma ajiye wani abu a gefe duk da katin.

Makon jiya ɗaya daga cikin yaran da ke yi mini dako, ɗan wajen Bunkure, gwaiwa ta murɗe masa yana tsakiyar sauke kaya. Karo-karo muka yi a layi, Baba ne ma ya fara ajiye dubu ashirin, aka yi masa aiki. Su uku ne ke aiki a rumfata kullum, kuma kuɗin kamfani ya fi ƙarfina a kansu. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan tafi da biyun da ke kan ƙafarsu wurin rajistar Ilera Eko mu ji farashi da sharuɗɗa. Baba ya ce in tambayo masa ko suna karɓar mai shekara saba'in da hawan jini.